Kafin Ka Sa Almakashi

A gidaje da yawa na ƙasar Karaye da Rogo akwai keken ɗinkin da ya daɗe da komawa tebur. An lulluɓe shi da tsohon zani, an jera masa kwanuka, wani lokacin har kaza ta mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Wani yana cikin kayan ɗakin uwar gida tun tana amarya. Wani a rabon 'yan siyasa aka samo shi, aka ɗauki hoto, aka kawo gida aka jingine. Wani kuma na kawu ne da idonsa ya daina ganin kafar allura. In ka ɗaga zanin za ka tarar da baƙin kai mai zanen ruwan gwal, galibi Butterfly ɗan China, jefi-jefi tsohon Singer da ya girmi mai gidan. A tsakar gidan nan kuwa ga saurayi ko budurwa, an gama sakandare, ana zaune ana latsa waya, ana cewa da akwai jari da tuni an kama sana'a. Da ku nake magana, ƙannena da 'ya'yana.

Abin da nake so ku yi bai taka kara ya karya ba. Riga ɗaya ce. Taguwa mai gajeren hannu, ko 'yar jamfa iya cinya, ka auna da kanka, ka yanka da kanka, ka ɗinka a ɗakinku, sannan ka sa ta ka fita. Ban ce ka kama shago a bakin tasha ba, ban kuma yi maka alkawarin za ka zama tela ba. Da yawanku daga riga ɗayar za su tsaya, kuma ba laifi. Amma wanda ya taɓa ɗaukar shimfiɗaɗɗen yadi ya mai da shi abin da ya zauna a kafaɗar mutum, ya san dalilin da ya sa tela ke faɗin kuɗin da yake faɗa, kuma hammatar rigarsa ba za ta sake yin wata guda a ɓarke tana jiran wani ba.

Ni a wuya na faɗi, kuma sunan wurin ma ai ya isa gargaɗi. Ina ɗan shekara goma sha shida yayana ya aiko mini da farin yadi daga Kano, saura kwana tara Sallah. A lokacin na yi wata uku ina zama a shagon wani tsohon tela a garinmu, aikina sa maɓalli da hura gawayin dutsen guga. Sai zuciya ta raya mini ai na gama ganin komai. Da dare na kunna fitilar ƙwai, na ninke yadin a tabarma, na fitar da gaba da baya lafiya lau. Da na zo wuya na rasa abin zana da'ira, sai na ɗauko murfin kwanon miya na kife, na bi gefensa da gawayi, na bi gawayin da almakashi. Na manta yadin a ninke yake, duk abin da na cire biyunsa na cire. Da gari ya waye na zura kai don gwaji, wuyan ya zame ya sauka a damtsena, kamar rigar da aka ƙwato a filin kokawa. Na naɗe ta na kai wa tsohon ina sunkuyar da kai. Ya juya ta, ya sake juyawa, bai yi faɗa ba. Ya ce, "Yaro, da ɗinki ka ɓata, da yanzu na ba ka reza ka zauna farka. Amma almakashi ba ya jin ban haƙuri." Daga abin da ya saura ya fitar wa ƙanena riga. Ni kuwa da ta bara na je Idi.

Tun ranar na raba kuskuren ɗinki gida biyu a raina: wanda ake gyarawa, da wanda sai dai a yi wa mai kaya jaje. Sabon shiga yakan kifar da lissafin. Ya yi yanka cikin minti goma don yana ɗokin hawa keke, sannan ya kwana uku yana kokawa da rigar da ta riga ta mutu tun a tabarma. Saboda haka mafi yawan maganata a kan abin da ke gaban yanka take.

Kada ka fara da azumi. A watan nan ba telan da ke da idon duba maka aiki, kai ma kuma hankalinka na kan ranar Idi. Ka bari a yi Sallah shaguna su yi shiru, ko a kai amfanin gona gida, sanyi ya shigo. Ko ɗan Rogo da ke fama da saran rake, ko mai ban-ruwa a bakin dam ɗin Challawa, ba ya rasa awa ɗaya tsakanin azahar da la'asar, kuma hasken lokacin ya fi na kowace fitila.

Kada kuma ka fara da shadda. Mai kyau ɗin, irin Getzner da ake yi a ƙasar Ostiriya, kuɗinta ya fi ƙarfin gwaji, sannan tana riƙe sawun allura. In ka farke, ramukan na nan a jere suna ba da labarinka. Leshi da yadi mai santsi kuwa gudu suke a ƙarƙashin hannu. Nemi auduga zalla mara zane, yadi biyu in mai faɗi ne. A zamaninmu da akoko ake koyo. In babu kuɗin saye, tsohon zanin gado ko atamfar da Inna ta daina ɗaurawa sun wadatar, amma ka tambaye ta tukuna. In kuwa saye za ka yi, ka sani tun da masaƙunmu suka durƙushe, har da babbar ta Kaduna, KTL, wadda ta fara aiki a 1957 ta rufe a 2002, yawancin abin da ke cike da Kantin Kwari daga waje yake zuwa, kuma da yawansa gauraye yake da roba ko da mai shago ya rantse maka auduga ce. Gwajin ba wuya. Ka zare 'yan zarurruka daga gefe ka kusanta musu ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. A gida za ka yi wannan fa, ba a cikin Kwari ba, kasuwar da ta sha gobara. Amfanin sanin shi ne dutsen guga: zafin da auduga ke so, shi ne zai huda maka mai roba.

In ka kawo yadin, jiƙa shi a bokiti, ka shanya, ka goge. Auduga tana tsukewa a wankin farko. Gara ta tsuke tana yadi da ta tsuke tana riga.

Yanzu sai malami. Mafi haƙurin malamin da za ka samu yana rataye a ƙusar ɗakinka: tsohuwar rigar nan da ta ƙoɗe amma ka ƙi rabuwa da ita don tana yi maka daidai. Sadaukar da ita. Ɗauki reza ka farke ta ɗinki bayan ɗinki, a hankali, kana lura da wanda ya hau kan wani, domin wanda ke sama shi aka yi daga baya. In ka gama ka karanta aikin telan daga ƙarshe zuwa farko. Goge kowane yanki ya kwanta, ka shimfiɗa su a tabarma ka zauna ka kalle su. Za ka ga abubuwan da ka shekara kana sawa ba ka sani ba. Wuyan gaba ya fi na baya zurfi nesa. Kafaɗa ba a miƙe take ba, gangarowa take daga wuya, wajen inci ɗaya da rabi. Ramin hannu na gaba ya fi na baya faɗawa ciki, saboda hannun ɗan Adam gaba yake aiki. Saman hannun riga kuwa tudu ne, ba layi ba. Ɗora kowanne a kan tsohuwar kalanda ko kwali, ka zana, ka yanke, ka rubuta sunansa a jiki: gaba, baya, hannu. Wannan takardar ita ce dukiyarka. In ka ɓata ta, kalanda ka ɓata.

Duk da haka ka koyi awo, don rigar wani ba za ta zo maka a farke ba. Tef ɗin tela fuska biyu gare shi, inci da santimita. Telolinmu da inci suke aiki, ka riƙe fuska ɗaya kada ka gauraya. A ce ƙirjinka inci 36 ne. In ka yanka 36 cif, fatar ganga ka ɗinka wa kanka. Jiki yana numfashi, yana ruku'u, yana cicciɓar buhu. Ƙara inci 6 na sakewa, ya zama 42. Da yake gaba da baya kowanne a ninke ake yanka shi, sai ka raba huɗu, ka sami 10 da rabi. Ƙara rabin inci wanda ɗinki zai ci, 11 ke nan. Ita za ka auna daga ninki zuwa gefe. Wannan rabin incin shi sabon shiga ya fi mantawa, ga shi kuwa a kowane gefe ake cin sa, sai riga ta fito ta ƙanin mai ita. Wuya kuma, in zagayensa 15 ne, raba biyar: inci 3 daga ninki, zurfin gaba wajen 3, na baya 1 kacal, sannan a yi tsaga a gaba inda kai zai wuce. In kana shakka ka yanka shi ƙarami. Ƙaramin wuya ana ƙara masa, babba kuwa kun ji labarina. Faɗin kafaɗa ka sa wani ya auna maka ta baya, mutum ba ya auna bayansa. Ka rubuta komai a littafi. Tafin hannu alwala ɗaya ce ta goge shi.

Yadi ma yana da hali. Kama shi ta tsawonsa, wato bin bakin nan da masaƙa ta kashe, ka ja: ba ya biyo ka. Ja ta faɗi, ya ɗan biyo. Ja ta kusurwa zuwa kusurwa, sai ya miƙe kamar danƙo. Tsawon riga tsawon yadi yake bi. In ka karkatar da takardarka don ka tsimi ɗan ƙyalle, rigar za ta yi kyau ranar farko, bayan wanki biyu ɗinkin gefe ya murɗo gaba, ka yi ta gyara tsayuwa kana zaton kai ne a karkace. Hannuwa biyu kuma a tare ake yanka su, yadi a ninke fuska na kallon fuska, in ba haka ba ka wayi gari da hannun dama guda biyu. Shimfiɗa duk takardun a kan yadin kafin ka taɓa ko ɗaya, ka tabbata kowa ya sami wuri har aljihu. Zana da alli, in babu, siririn guntun sabulu ya yi. Daga nan ka tashi. Je ka sha ruwa, ka yi sallah, ka dawo ka sake aunawa da sabon ido. Sannan ka ce bismillah ka sa almakashi, ƙasan bakinsa na kwance a tabarma, kana yanka da dogon ci ba tsinke-tsinke ba. Almakashin nan kuwa ka ɓoye shi. Ranar da aka yanka kwali ko igiya da shi, ranar ya fara tauna.

Sai keke. Share ƙurar da ta taru, musamman tsakanin haƙoran da ke jan yadi da wajen ƙoshiya, ka ɗiga mai a duk inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Man keke fa, ba man gyaɗa ba. Na gyaɗa daskarewa yake ya zama danƙo, ka kashe keken da ka zo tayarwa. In igiyar da ke juya shi ta saki, a rage ta. Kafin ka sa zare, koyi taka shi. Ƙafar sama wajenka take juyowa, in ta koma baya zare ya tsinke, kuma kafin sawunka ya saba za ta yi ta komawa. Ɗauki takardar littafi mai layi ka yi ta bin layukan da allura ba zare, har ramukan su daina yawo. Kwana biyu ko uku a kan wannan ba asara ba ce. Wani abin daɗi, keken ƙafa bai san an ɗauke wuta ba, bai kuma san an cire tallafin fetur a 2023 ba.

Yadda yake ɗinki abin sani ne, don shi zai raba ka da yawan kiran mai gyara. Zare biyu ne, na sama a allura, na ƙasa a kwarkwaro. Allura ta nutsa da nata, ƙoshiya ta cafke shi ta zagaya da shi bayan na ƙasa, su sarƙe. In komai daidai ne, sarƙewar a tsakiyar yadi take ɓuya, sama da ƙasa su fito iri ɗaya. In ka juya ka ga zare ya yi cunkus a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu, kada ka taɓa kwarkwaro. Kusan kullum laifin na sama ne, ko bai zauna a maƙallinsa ba ko ya yi sako-sako. Zare shi duka ka sake sawa, ƙafar da ke danne yadi tana ɗage. Allura lamba 14 ta dace da matsakaiciyar auduga, kuma dogon kwarmin da ke jikinta yana kallon ɓangaren da zare ke shigowa. In tana tsallake, ko ta lanƙwashe ko an sa ta a juye. Kuma kada ka ja yadi. Keke ya san aikinsa, kai jagora ne kawai.

In babu keken ma ba uzuri ba ne, kuma a nan zan ɗan ratse. A watan Fabrairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawonsa da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar suna kaiwa har Timbuktu da Gat da Murzuk da Tarabulus. A watan Agustan shekarar ne Isaac Singer ya sami takardar mallakar kekensa a Amurka. Wato duk rigunan da Barth ya gani, allura da yatsa suka haɗa su. Audugar kuwa daga karkara take, irin wannan yanki namu da ya miƙe zuwa Zazzau da kudancin Katsina. Kakanninmu mata su gurje, su kaɗa da mazari suna dangwalar alli, masaƙa su fitar da ita siririya, faɗin 'yan yatsu, maɗinka su jera su haɗa. Wanda ya san wahalar da ke cikin kowane taƙi na irin wannan saƙa ba ya yanka da'ira ya zubar. Shi ya sa tsohuwar taguwa miƙaƙƙen yanka ce, da ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu a hammata don hannu ya sami ɗagawa. In lanƙwasar ramin hannu ta gagare ka a karon farko, koma wa wannan dabarar, ba abin kunya ba ce. Ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Karaye ka dubi manyan rigunan da ke kan dawaki, masu aska biyu da aska takwas. Duk mai irin wannan hannun da miƙaƙƙen layi ya fara.

Haɗawa tana da jeri, kuma ka riga ka gan shi a rigar da ka farke. Duk abin da za a yi wa gaba, a yi shi tun tana shimfiɗe: aljihu da tsagar maɓalli. Sannan kafaɗu. Sannan wuya. Sannan a ɗora hannuwa tun gefe na buɗe, tsakiyar tudun hannu a kan ɗinkin kafaɗa daidai. Daga nan layi ɗaya tun daga bakin hannu, ta hammata, har ƙasa, a bar tsaga in ana so. Kalmasa ce ƙarshe. Kafin kowane layi mai lanƙwasa, kama shi da allurar hannu da dogon taku, da zare mai wani launi, ka gwada a jiki. In ya zauna ka bi da keke ka zare na hannun. Ƙwararru ba sa yi, amma kai ba ƙwararre ba ne tukuna. Farkon layi da ƙarshensa a koma baya taku uku don kada ya warware. Gefunan ciki kuma kada a bar su suna zubar da zare: ko ka kalmashe su, ko ka kai wa mai keken kashe baki.

Dutsen guga ya zauna kusa da kai da wutarsa. Duk layin da ka ɗinka, goge shi ya kwanta kafin wani ya hau kansa. Rabin abin da ke sa a gane rigar ɗan koyo daga nesa rashin wannan gugar ne, kuma ta ƙarshe ba ta gyara shi. Ka riƙa gwada zafin a kan ƙyalle, ka kuma kula da tartsatsin gawayi.

A wuya za ka daɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce ka yanko siririn ƙyalle ta kusurwa, ta wajen nan da yadi ke miƙewa kamar danƙo. Halin da ya sa bai dace da jikin riga ba, shi ya sa yake bin da'ira ba tare da tattarewa ba. Ɗinka shi a bakin wuyan, ka ɗan tsattsaga abin da ɗinki ya ci ba tare da ka taɓa zaren ba, ka juya shi ciki, ka goge, ka danne. Zai karkace. Ka farke. Zai sake karkacewa ta ɗaya gefen. A nan ne mafi yawa suke cusa rigar a ƙarƙashin katifa, keke ya koma tebur. Ni na farke wuya ɗaya sau biyar, ina yi ina ƙunƙuni, tsohon nan yana jin rediyonsa kamar ba ya gani. Kwala mai tsayuwa da aikin wuya ka bar su sai riga ta uku ko ta huɗu. Ƙofar maɓalli kuwa ita ake fara yi, sannan a sa maɓallin inda ta faɗa.

Ke kuma 'yata, duk abin da na faɗa naki ne, har ma kin fi samari samun hanya, don da wuya a rasa wata Gwaggo ko Yaya a unguwa da ke ɗinki a cikin gida. Kai mata abin da kika yi ta duba, ki tafi da 'yar gaisuwarki. Kada ki fara da riga mai kama jiki. Fara da buba ko rigar ƙanwarki ta Islamiyya. In atamfa ce ki lura da zanenta kafin ki yanka, kada tsuntsayen gaba su tashi sama na baya su yi ƙasa. Mata da yawa sun fi son mace ta auna su, kuma wadda ta iya wannan aiki, duk gidan da aure ya kai ta da sana'arta take shiga, ba kuɗin hayar shago.

In riga ta biyu da ta uku suka fito, maƙwabta za su fara leƙowa, kuma ba da sabon yadi za su fara ba. Wando ne za a rage, aljihu ya yage, zip ya mutu. Kada ka raina. Sansanin masu yi wa ƙasa hidima na jihar Kano a nan Kusalla yake, ƙasar Karaye. Mako uku kowane rukuni ke yi, kuma kakin da ake raba musu ba a jikin kowa aka auna shi ba; rage shi da tsuke shi aiki ne da teloli ke ci a kai. Mai gyara kullum cikin farke aikin wasu yake, yana ganin dabararsu da kurakuransu kyauta.

Ranar da aka fara miƙo maka yadin wani kuwa, abu biyu nake so ka riƙe, don su suka zubar da mutuncin masu wannan sana'a har aka mai da su abin barkwanci. Ragowar ƙyalle na mai kaya ne. Naɗe shi ka sa a cikin rigar, in ya ce ka riƙe, to. Na biyu, "gobe in sha Allahu" da ake faɗa alhali an san ko yankawa ba a yi ba. Kowa ya san telan da ke kashe waya daren Sallah, yara na kuka a ƙofar shagonsa. Ba mugunta ce ta kai shi ba, kasa cewa "ba zan iya ba" ne tun ranar goma ga azumi. Ka san riga nawa hannunka ke fitarwa a mako, ka karɓi ƙasa da haka. In aka kawo shaddar da ta fi ƙarfinka, ka ce ta fi ƙarfinka, ka nuna musu shagon wanda ya iya.

Amma duk wannan yana gaba. Yanzu dai ga rigarka ta farko, an yanke zarurrukan da ke reto, an goge. Aljihun ya ɗan kalli gabas, hannu ɗaya ya fi ɗaya da ɗan kaɗan. Sa ta. Ba cikin ɗaki ba, fita za ka yi da ita majalisa bayan la'asar. Abokai za su yi dariya, wani zai tambaya ko telan yana gudun 'yan bashi ne lokacin da ya ɗinka. Ka ce kai ne telan. Ka yini a cikinta, ka hau babur, ka yi sallah, ka ɗaga hannu sama, kana lura da inda take ja da inda take yin jaka. In ka bi ta gaban shagon wani dattijon tela, tsaya ka gaishe shi ka ce, "Baba, a duba mini." Ba gaban zai kalla ba, kalmasar zai kama ya juya ya ga ciki. Duk abin da ya faɗa, da wanda jikinka ya gaya maka, ka rubuta a littafin nan daren ranar, ka gyara takardar kalandarka: rabin inci a hammata, kwata a wuyan baya. Rigar kuma ka rataye ta a ƙusar da tsohuwar ta bari, ka jiƙa yadi na biyu a bokiti ya kwana.